Wa Zai Riga Malam Fita?

Ban nemi muƙamin ba, ban ma san akwai irinsa a duniya ba. Ni sakatariya ce a wata maɗaba'a a Tudun Wada cikin Sakkwato, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai tuwo, inda muke buga kalanda da katin biki da littattafan rubutu na 'yan makaranta da ƙananan littattafan addu'o'i. Wata safiya a farkon bazara Manaja ya kira ni ofishinsa, ya ce daga yau ni ce jami'ar kula da lafiya da jin daɗin ma'aikata. Na tambaye shi ko an ƙara mini wani abu. Ya ce an ƙara mini riga.

Rigar kuwa irin ta masu gyaran titi ce, koriya shar mai ƙyalli, wadda ko makaho zai ji zuwanta. Da na matsa masa, sai ya faɗa mini dalili. Kamfanin inshorar da muke hulɗa da shi ya ce ba zai sabunta mana komai ba sai mun kawo shaidar hukuma cewa wurin aikinmu ba tarko ba ne. Hukuma kuma ta ce ba ta ba da shaida sai jami'inta ya zo da ƙafarsa, ba tare da sanarwa ba, ya ga an yi atisayen gobara: a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fice cikin 'yan mintuna, a taru wuri ɗaya a waje. Wannan "komai" da kamfanin ya ce ya haɗa da katin asibiti, wanda da shi ma'aikaci da iyalinsa ke ganin likita su karɓi magani. A gaskiya katin nan shi ne abin da ya fi riƙe yawancinmu a wurin.

Abin da ya sa aka zaɓe ni, in ji Manaja, ni kaɗai ce muryata ke rinjayar ƙarar inji. Ban yi musu ba. A Sabon Gari aka haife ni, mahaifina malamin makaranta ne da ya zo daga kudancin Kaduna koyarwa ya zauna ke nan, kuma daga wurinsa na gaji murya da saurin fushi. Shi ne ma ya ara mini tsohuwar ƙararrawarsa ta tara ɗalibai, ya ce in kula da ita don ta girme ni.

Na fara aikin da zafina. Na rataya jar tukunyar kashe gobara a bango, washegari na tarar an rataya mata hula. Na ajiye bokitin yashi, kafin mako ya ƙare ya zama wurin tofar da tuƙar goro. Akwatin magani kuwa, ranar da na buɗe shi duk maɗaba'ar ta kamu da ciwon kai, har direba da ban taɓa jin ya yi tari ba ya zo yana dafe da ƙugu yana neman man zafi. Duk wannan na shanye. Abin da ya gagare ni shi ne ƙofa.

Gininmu dogo ne siriri. Ƙofa ɗaya ce tak a gaba, sai lungu ya miƙe, ɗakuna hagu da dama, har zuwa ɗaki na ƙurya. A ɗakin ƙuryar nan Malam yake zama. Shi ke duba kurakurai a duk abin da za mu buga da Larabci ko ajami. Ɗan gidan malamai ne na cikin gari, dattijo mai farin gemu da sanda da ciwon gwiwa. Alhaji mai maɗaba'ar a gaban mahaifin Malam ya yi karatu, rabin ma'aikatanmu kuma a zauren Malam suka koyi baƙi. Ni da ba Musulma ba, tun ranar da na fara aiki yake ce mini "ɗiyata", kuma duk Kirsimeti sai ya aiko mini da zabi biyu. Akwai abu ɗaya da na sani game da shi wanda sauran ba su sani ba, saboda katunan asibiti ta hannuna suke bi: matarsa, wadda yake kira Tsohuwa, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma da katin nan take karɓar maganinta duk wata. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Ranar atisayen farko na sa rigata, na tsaya tsakiyar lungu, na kaɗa ƙararrawa da iya ƙarfina. Mai yankan takarda ya leƙo.

"Madam, wutag ga ta gaske ta ko ta wasa?"

"Ta wasa ta, amma ku yi awa ta gaske ta!"

"To in ta wasa ta, bari in ƙare yankan ga."

Da kyar na tattaro su. Da yake akwai kafet a ciki, kowa a bakin ƙofa yake cire takalmi, don haka sai aka durƙusa neman takalma, wannan ya sa na wancan, wancan yana neman ƙafar hagu. Da aka gama wannan, na ɗauka za a fita. Sai na ga sun jeru a jikin bango, hagu da dama, sun bar hanya a tsakiya, kowa ya haɗa hannu a ciki.

"Mi kuka jira?" na ce.

Babban mai injinmu, wani ƙato mai furfura a gemu, ya dube ni kamar na tambayi abin da yaro ya sani. "Malam bai hito ba."

Malam kuwa ya ji ƙararrawa sarai. Sai da ya kai ƙarshen layin da yake dubawa, ya sa alama, ya cire tabarau ya mayar gidansa, ya gyara rawani, ya lalubo sanda. Da ya fito lungu, sai layin nan biyu ya zube ƙasa gaba ɗaya. "Allah shi gahwarta Malam." Malam kuma ba ya amsa gaisuwa a dunƙule. Kowa sai ya tsaya kansa: ina gajiya, ƙaƙa mahaihiyarka, ta samu sauƙi, yaron da anka yi ma kaciya ya warke? Ina tsaye ina kaɗa ƙararrawa kamar mai tallar kankara, gumi yana bin bayana a cikin rigar roba, har haƙurina ya ƙare.

"Wallahi da wuta ta gaske ta, da dut kun ƙone ƙurmus!"

Akanta ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Madam, ki iya bakinki!"

Malam ya tsaya daidai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya ce tun da an ambaci wuta, ya kamata a nemi tsari. Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ana cikin haka mai tuwo ta iso a guje da bokitin ruwa, don ta ji ƙararrawa da ihuna. Da ta tarar ana addu'a, sai ta ajiye bokitin ta ɗaga nata hannun. Ni ma dai na ce amin, me zan ce?

Fitar Malam ba ta raba gardama ba. Manaja ya fi muƙami, Akanta ya fi shekaru, sai suka tsaya a ƙofar suna miƙa wa juna hanya. "Bismillah." "A'a, ranka shi daɗe, kai ag gaba." "Haba, kai ab babba." Bayansu direba, wanda ya je Makka, da mai inji, wanda bai je ba amma ya girme shi, suka ɗora nasu. Kafin na ƙarshe ya fito an kira azahar, sai kowa ya wuce alwala abinsa, ba wanda ya ko kalli bishiyar dogon-yaro da na ce a taru a ƙarƙashinta.

Na tara su washegari na yi musu lacca har muryata ta dishe. Na ce wuta ba ta san babba ba, suka ce ai su sun sani. Na roƙi babban mai inji ya taimake ni ya buɗe hanya, in shi ya fita a guje saura za su bi. Ya ce don darajar katin 'ya'yansa zai yi. Da na kaɗa ƙararrawa kuwa ya cika alkawari. Ya runtse ido, ya wuce Malam fuu, ya fice har gindin bishiya. Can ya waiwaya ya ga shi kaɗai ne a waje. Ina kallonsa kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Sai ya sake shigowa a guje, ya zube gaban Malam yana neman gafara, sannan ya koma can ƙarshen layi. Washegari ya zo fuska a kumbure. Labari ya riga shi isa gida, kuma kafin ya isa ya girma: an ce ya bangaje Malam har rawani ya faɗi.

"Innata ta ce in na sake, kak in ƙara sa hannu ga tuwonta," ya ce mini. "Madam, ki nemi wani."

Na nemi wani. Akwai mai ɗinkin littattafai, ɗan cocinmu, na ce to wannan dai bai yi karatu a zauren kowa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sista, nan anka haihe ni hwa." Gaskiyarsa ce, don ni kaina na lura duk sanda Malam ya tunkaro ƙofa, ƙafafuna da kansu suke matsawa gefe, ƙararrawar tana hannuna.

Daga nan na shiga dabaru. Tagoginmu duk ƙarfe ne. Na je wurin mai ginin kan a fasa ƙofa ta baya, ya ce bayan bangon garken ragunansa ne, in muna so mu fita mu faɗa kan raguna, bismillah. Na wanke 'yar kurar da muke tura takarda, na shimfiɗa mata darduma da matashi, na tura ta har gaban Malam na yi masa bayani cikin ladabi. Ya daɗe yana kallonta.

"Ɗiyata, wagga ta takarda ta. In na hau, ina za a kai ni, wurin yanka ko wurin ɗinki?"

Na tuna doka ta ba kowane ma'aikaci hutun shekara, Malam kuwa tun da aka kafa wurin bai taɓa ɗauka ba. Na sa Manaja ya ba shi hutu na dole, ko Allah zai sa jami'in ya zo a ciki. Ranar farko ta hutun na iso na tarar da shi a ɗakinsa da tabarau a hanci. Ya ce ba aiki ya zo ba, ziyara ya kawo mana, kuma ba kyau baƙo ya zauna yana kallon kuskure a takarda bai gyara ba. Haka ya yi ta kawo mana ziyara kullum, daga safe har la'asar, har hutun ya ƙare.

Sai wata safiya Manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce tun daga gidansa a unguwar Arkilla yake tuƙi yana juya maganar, bai san ta inda zai fara ba. Alhaji ya yanke shawara. Tun da ba mai iya wuce Malam, kuma Malam ba ya iya sauri, za a yi masa ritaya cikin girmamawa kafin jami'i ya zo. Za a yi walima, a ɗinka masa babbar riga, a yi jawabai.

"Katin hwa?" na ce.

Ya kawar da kai. "Kati na ma'aikaci na, Madam."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don na san abin da ke bayan katin. Na faɗa wa Manaja maganganun da ba a faɗa wa manaja. Ya bar ni na gama, don shi ba mugu ba ne, sannan ya ce in muka faɗi a gaban jami'i ba katin mutum ɗaya za a rasa ba, na kowa ne. Wannan gaskiya ce, kuma ita ta ƙara ba ni haushi.

Ina tsaye ina huci sai abin ya faɗo mini. Na ce to a dawo da teburin Malam bakin ƙofa mana. In ƙararrawa ta kaɗa, taku ɗaya zai yi ya fita, ya riga kowa, ba wanda ya wuce shi, ba tuwon da aka hana kowa.

Manaja ya miƙe tsaye kamar na zage shi. Wanda bai zauna Sakkwato ba zai ce me ya yi zafi. A wurinmu babba a ƙurya yake zama. Kai za ka cire takalmi, ka ratsa, ka je ka same shi. Bakin ƙofa wurin masinja ne, a can bencinsa yake, ko da yake masinjanmu ya daɗe da barin aiki, sai mai kawo ruwa ke hutawa a kai.

"Ni?" in ji Manaja. "In ce ma Malam shi koma bencin masinja? Wallahi gara in sallame shi."

Kuma har zuciyarsa yake faɗa. A lissafinsa, da na Alhaji, da na Akanta da aka kira ya ji, raba dattijo da aikinsa da babbar riga da walima ya fi mutunci a kan a matsar da teburinsa. Na ce musu wannan wace irin girmamawa ce da za ta bar mutum ba magani? Suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu amma bai yi hankali ba. A ƙarshe Manaja ya ce, "Ke kinka kawo shawara, ke za ki hwaɗa mai."

Na shiga ɗakin ƙurya da rana tsaka, ba riga mai ƙyalli, na durƙusa. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi zafi, na tambayi gwiwa, na sake dawowa kan zafi. Ni da ake jin muryata daga titi, ranar sai ga ni ina inda-inda.

"Ɗiyata," ya ce, "hwaɗi abin da ka tahe da ke. Zahin ga kin tambaye shi ya isa."

Na faɗa. Ban ambaci ritaya ba, amma na ga alamar ya riga ya ji, don a wurinmu magana ba ta kwana. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Mahaihina bai taɓa zama bakin ƙohwar kowa ba," ya ce a hankali. "Mutane ka zama bakin ƙohwatai. Yanzu ni, da hurhurag ga, in koma inda aka aje takalma?"

Da na yi shiru a nan, da ya fi. Amma bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Malam, ba don kai ba, don maiɗakinka. In anka yi maka ritaya, maganinta hwa?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya mayar da tabarau, ya jawo takarda gabansa. "Al'amarin gidana ba na ohis ba na. Tashi ki tahi."

Na fito na shige banɗaki na yi kuka, rabi don nadama rabi don haushin kowa da kowa. Kwanakin da suka biyo baya in na gaishe shi sai ya ce "lahiya" kawai, ba "ɗiyata". Na ji Manaja a waya yana yi wa tela bayanin irin aikin da za a yi wa wuyan babbar riga. Akanta ya fara tambayar ko shinkafa za a dafa ko masa. Na daina kaɗa ƙararrawa, na sa ta a aljihun tebur.

Ana nan, wata safiya na sauka daga keke na hangi ma'aikatanmu kaf a waje, cikin rana, sun yi cirko-cirko. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, bakina ya jawo mana, gobarar gaske ta tashi. Na kutsa na leƙa. Malam ne zaune a bencin masinja, ɗan teburinsa a gabansa, takardu a jere, sanda a jingine, yana duba aiki kamar a nan aka haife shi. Ashe tun kafin kowa ya zo ya sa mai walda ya taya shi fito da teburin.

"To ku mi ya hana ku shiga?" na tambayi mai inji.

"Haba Madam. Ƙaƙa za mu wuce Malam mu shige ƙurya, shi shina bakin ƙohwa?"

Wato da na sha wahalar fitar da su, yanzu kuma shigar da su ce ta gagara. Dariya ta kama ni har na dafa bango, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Malam bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ku shiga ku yi aikinku. Wanda dut yat tsaya, ni da shi." Suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, wasu kamar za su yi rarrafe. Manaja ya shiga ofishinsa ya kasa zama a kujerarsa mai juyawa, ya wuni a tsaye yana sa hannu a takardu a jikin bango. Maganar walima kuwa ba wanda ya sake tayar da ita, tela dai ya ci gaba da kiran waya.

Na fito da ƙararrawa, na kafa doka ɗaya: in ta kaɗa, ba mai neman takalmi, a fita haka nan. Ban yi tunanin wane wata muke ciki ba.

Jami'in ya zo ana tsakiyar zafi, wajen ƙarfe ɗaya na rana, wani siririn mutum mara fara'a da agogo a hannu. Ya duba tukunyar gobara, wadda na yi sa'a na cire mata hula da safe. Ya leƙa bokitin yashi ya yamutsa fuska. Sannan ya ce in kaɗa. Na kaɗa. Malam ya dafa sanda, ya miƙe, ya taka waje. Abin da ya biyo bayansa ban taɓa ganin irinsa ba. Mutanen da suka yi makonni suna jeruwa a bango suka ɓarko kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Manaja da Akanta, don kada wani ya riga wani, suka fita kafaɗa da kafaɗa suka maƙale a ƙofar, sai da mai inji ya sa ƙirji ya turo su waje tare.

Sai ƙafafu suka sauka kan yashin Sakkwato na tsakar rana. Inuwar dogon-yaron ba ta fi ta mutum uku ba, kuma kowa ya bar wa Malam ita, shi da ke sanye da takalmansa tun da a bakin ƙofa yake. Saura suka shiga tsalle, a ɗaga wannan ƙafa a sauke waccan, Akanta da tumbinsa yana salati yana dira. Jami'in ya dubi agogo, ya dube su, a karon farko fuskarsa ta saki. Ya ce ya zagaya wurare da yawa, bai taɓa ganin ma'aikata masu kuzari irin namu ba, sun fito amma har yanzu gudu suke yi a tsaye. Ba wanda ya gyara masa. Mai tuwo ce ta cece mu, ta zo da bokitinta tana kwara wa mutane ruwa a ƙafa.

Mun samu shaida, inshora ta sabunta, katunan kowa suka fito. Da yamma Manaja da mai inji suka zo da murna za su mayar da teburin ƙurya, ni ma na kama ƙafa ɗaya. Sai na tuna abin da jami'in ya faɗa kafin ya tafi, cewa yana iya dawowa kowane lokaci cikin shekara, in ya ga saɓanin abin da ya gani yau a janye shaidar. Malam ma ya ji. Ya ɗora tafin hannunsa kan teburin ya ce a bar shi nan. Muka saki.

Mu mun saba, 'yan gari ma da suka san shi in sun zo sai su durƙusa tun daga waje. Amma ba kowa ne ɗan gari ba. Bayan 'yan makonni wani mutum ya zo daga wata jiha karɓar kalandun da ya ba mu mu buga masa, da manyan kaya da waya a kunne. Ya shigo bai yi sallama ba, ya ga tsoho a benci bakin ƙofa, ya ɗan janye wayar daga kunnensa.

"Baba, je ka kira min manaja. Ka ce sauri nake."

Ina zaune a teburina ina kallo. Injin yanka ya tsaya. Mai inji ya fito lungu idonsa jawur, ni kuwa na riga na miƙe, maganar da zan yaɓa wa mutumin ta cika mini baki. Malam ya ɗaga mana hannu. Ya ajiye alƙalami, ya lalubo sanda, ya miƙe da kyar, gwiwar tana ƙara. Ya bi lungun nan a hankali har ofishin Manaja, ya ƙwanƙwasa, ya ce ana sallama da shi. Manaja ya fito kamar zai nutse a ƙasa.

Da Malam ya juyo zai koma bencinsa, na tare shi a lungu. Raina a ɓace yake, kuma kunya ta ishe ni, don ni na kawo shawarar da ta zaunar da shi a wurin. Na ce, "Malam, don Allah ka bar ni da shi. Bai san ko kai wa ne ba."

Ya tsaya ya huta a kan sandarsa, ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido da ido tun ranar da ya kore ni daga ɗakinsa.

"Bar shi, ɗiyata," ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Tsohuwa ta sha maganinta yau da sahe."